Teburin Karta Irin na Amurka, da Yadda A Ke Yinsa

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa ganin tebur wanda aka yi wa katifa? To, a ƙasar Amurka akwai irinsa. Ba don a kwanta a kansa aka yi shi ba, ba kuwa don cin abinci ba. An yi shi ne domin wani wasan karta da su ke kira foka. Teburin dogo ne, ba shi da kusurwa, kawunansa biyu a zagaye su ke kamar ƙwai. A tsakiyarsa an shimfiɗa ƙyalle mai santsi, galibi kore. Bakinsa kuwa an kewaye shi da matashi mai taushi, inda mai wasa zai ɗora hannuwansa.

Akwai masana'antu masu yinsa, amma da tsada. Saboda haka mutane da yawa a can su kan sayi katako su yi nasu a gida. Za mu nuna maka yadda su ke yi, da dalilin ko wane abu da ke jikin teburin, gama babu abin da aka sa masa don ado kaɗai.

Tun da fari sai mu gaya maka gaskiya. Foka wasa ne wanda galibi a ke sa kuɗi a ciki, watau caca ke nan, ka kuwa san caca haramun ce a addinin Musulunci. Ko a Amurka ɗin ma ba ko'ina doka ta yarda da ita ba, ko wace jiha da tata doka. Ba wasan za mu koya maka ba, aikin kafinta za mu koya maka. Wanda ya iya wannan tebur ya iya yanka katako a zagaye, ya kuma iya jan leda a kan soso ba tattara, aikin da masu kujerun kushin ke cin abinci da shi. Teburin kuwa yana ɗaukar ko wane irin wasan karta, ko da ba a sa ko kwabo ba.

Inda wasan ya fito

A kudancin Amurka akwai wani birni mai suna Niyu Olins, kusa da inda babban kogin Misisifi ya faɗa teku. Wani Bature ɗan Ingila mai wasan kwaikwayo, sunansa Joe Cowell, ya ba da labari ya ga ana foka a wannan yanki a shekarar 1829. A lokacin nan da karta 20 a ke yi, mutum huɗu, kowa ya sami biyar. Daga baya aka koma ga cikakkiyar karta mai 52, don mutane da yawa su sami shiga.

Jiragen ruwa masu tafiya da tururi su suka ɗauki wasan suka hau kogi da shi. A cikin jiragen nan akwai fatake masu kuɗi, akwai kuma mazambata masu jiransu. Wani daga cikin 'yan cacan, Jonathan Green, ya tuba, ya buga littafi a 1843 yana tona asirin dabarun da su ke cutar mutane da su. Wani ya kan yi wa karta alama da farce. Wani ya kan ɓoye ɗan madubi, don ya ga cikin karta sa'ad da ya ke rabawa. Wani kuwa ya kan saki karta a kan cinyarsa, ya ajiye ta sai ya bukace ta.

Wasan ya bi masu neman zinariya zuwa yamma, inda kowa ke yawo da bindiga. A ranar 2 ga Agusta 1876, a wani gari mai suna Deadwood, wani shahararren maharbi da a ke kira Wild Bill Hickok ya zauna yin foka. Al'adarsa ya jingina bayansa da bango, amma ran nan kujerar da ta rage ta bai wa ƙofa baya. Wani mutum, Jack McCall, ya shigo ya harbe shi ta ƙeya, ya mutu nan take. Ka ji irin wuraren da wannan tebur ya girma a ciki. Wuri ne da ba wanda ya amince da na kusa da shi, kuma 'yar gardama kaɗan ta kan zama ta rai.

Jihar Nebada ta halatta gidajen caca a 1931, kuma a birninta na Las Begas aka fara babbar gasar foka ta duniya a 1970. A 1999 wani shirin talabijin na Ingila ya yanka 'yan tagogin gilashi a jikin tebur, aka sa kyamara a ƙarƙashi, masu kallo suka riƙa ganin kartar da ko wane mai wasa ke ɓoyewa. Sa'an nan a 2003 wani akanta, Chris Moneymaker, wanda ya sami shiga gasar Las Begas ta hanyar intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ci dala miliyan 2 da rabi. A shekarar nan mutum 839 suka shiga gasar. A 2006 sun kai 8,773. A cikin waɗannan shekaru ne yin tebur a gida ya yawaita ƙwarai a Amurka, kowa na son irin wanda ya gani a talabijin.

Dalilin siffarsa

Ɗauki karta ɗaya ka ajiye ta a kan tebur mai tauri, ka gwada ɗagawa. Me ka gani? Ta manne. Sai ka sa farce a ƙarƙashinta, ko ka jawo ta bakin tebur. In ka sa farce, ka yi mata tabo, kuma kartar da ke da tabo an san ta ke nan ko tana kife. In ka jawo ta baki, na gefenka ya leƙa, ko kuwa ta faɗi. Don haka a ke sa soso a ƙarƙashin ƙyallen. Yatsa ya danna soso, gefen karta ya ɗagu da kansa, mai ita ya ɗan leƙa ƙwarya ɗaya ya sake ta, ba wanda ya gani sai shi.

Ƙyallen kuwa aikinsa biyu ne. Yana barin karta ta sulale daga hannun mai rabo har gaban mai ita, ba ta juye a hanya ba. Kuma ba ya ƙyalli. Tebur mai gilashi, ko wanda ya sha mai yana walƙiya, madubi ne babba, yana nuna cikin karta ga duk mai ido.

Matashin baki shi ne shinge. A gidajen wasa, kartar da ta faɗi ƙasa ana ɗaukarta kamar an riga an gan ta, ko da ba wanda ya ce ya gani. Matashi yana tare ta. Yana kuma tare 'yan ƙwandalolin nan na roba ko na yumɓu da a ke lissafi da su maimakon kuɗi, masu faɗin wajen inci 1 da rabi, waɗanda in sun gangara ba su tsayawa sai ƙarƙashin kujera. Har wa yau, mutumin da ya sami wurin ɗora hannu mai taushi ya kan bar hannuwansa a sama inda kowa ke gani.

Faɗin teburin ba ya wuce ƙafa 4, don hannun wanda ke zaune ya kai tsakiya. An cire masa kusurwa don kada wani ya zauna da tsini a cikinsa, kuma kowa ya ga fuskar kowa. In ka auna kewayen tebur mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, wanda kawunansa ke zagaye, za ka sami wajen inci 247. Raba wa mutum 10, kowa ya sami kusan inci 25. Wannan ya ishi mutum ya zauna ba gwiwar hannunsa ta zunguri maƙwabci ba.

Kayan da za ka tanada

Ka nemi filawud falle 2, watau katakon nan da a ke yi da siraran falle-falle a manne su da gam. Ko wanne tsawonsa ƙafa 8, faɗinsa ƙafa 4, kaurinsa kashi 3 cikin 4 na inci. Ka duba su da kyau kafin ka biya. Ɗaga kai ɗaya ka kalli tsawon gefensa da ido ɗaya, in ya lanƙwashe ka bar shi, gama lanƙwasasshen katako ba ya miƙewa don an rufe shi da ƙyalle.

Soso iri biyu ka ke bukata. Na tsakiya siriri ne, kaurinsa rubu'in inci, kuma wanda ba ya shan ruwa ya fi, don in shayi ya zube kada ya shige ciki ya yi wari. Na matashi mai kaurin inci 1 ne, mai ƙarfi. Matsa shi da yatsa biyu. In yatsunka sun haɗu da sauƙi, ba shi ba ne, wata biyu zai kwanta gwiwar hannu ta riƙa jin katako.

Sai ƙyalle yadi 3, da ledar kushin yadi 3. Turawan da su kan yi amfani da ƙyallen ulu mai kauri, irin na teburin sunuka. Yanzu an fi son wani na zaren roba wanda karta ke gudu a kansa. Ka guji ƙyalle mai gashi mai araha, gama ya kan ƙudundune ya riƙe karta. Gwajin ba wuya. Tafi kasuwa da karta ɗaya a aljihu, shimfiɗa ƙyallen a kan teburin mai kanti, ka tura ta ka gani.

Sauran kaya su ne gam na katako, da gam na soso, da sukuru masu tsawon inci 1 da rubu'i, da ƙusoshi masu noti guda 8, da 'yan ƙusoshin kushin masu yawa, da sanfefa ta goge katako. Kayan aiki kuwa, zarto mai siririn baki wanda ke bin lanƙwasa, na lantarki ko na hannu, da abin huda katako, da guduma, da wuƙa mai kaifi, da fensir, da tef na awo.

Ga wani abu da ya kan kama mutane da yawa. Ledar kushin galibi faɗinta inci 54 ne. Tebur kuwa inci 48. Saura inci 3 ke nan a ko wane gefe, da shi za ka sauko kan soso da katako biyu, ka kuma lanƙwasa ƙarƙashi ka buga ƙusa. Yana yiwuwa, amma da ƙyar, sai leda mai miƙewa da hannu mai ƙarfi. Don haka waɗansu su kan rage faɗin tebur zuwa inci 44. Kai dai ka sayi ledar tukuna ka auna ta, kana ka taɓa katako da zarto. In za ka rage, sai ka rage dukan awon zagaye da za mu faɗa a ƙasa da inci 2.

Awo da yanka

Nan ne zuciyar aikin, ka karanta sau biyu.

Ɗora falle ɗaya a kan ɗaya, gefe da gefe daidai, ka ɗaure su kada su motsa. Daga kan katako ka auna inci 24 zuwa ciki, daga gefe ma inci 24. Inda awo biyun suka gamu ka buga 'yar ƙusa. Yi haka a ɗaya kan. Sa'an nan ka sami siririn katako miƙaƙƙe, ka huda shi a kai ɗaya ka zura a ƙusar, ka auna inci 24 ka sake hudawa, ka zura fensir. Juya shi, ya zana maka rabin da'ira daga gefe zuwa gefe. Kada ka yi da igiya. Igiya tana miƙewa, kuma fensir ya kan karkata, sai ka sami da'irar da ba ta haɗu da gefe ba.

Yanke kusurwoyi huɗu, ka goge bakin da sanfefa tun falle biyun suna haɗe, don su zama ɗaya sak. Kafin ka raba su, rubuta Gabas a kai ɗaya, Yamma a ɗaya kan, a jikin duka biyun, a baki da kuma a tsakiya. Kada ka raina wannan. Hannun mutum ba ya yanka kai biyu daidai, kuma guntun da aka juya ba ya komawa mazauninsa.

To, raba su. A falle na farko, koma ga ƙusar nan ka zana wata da'ira a inci 19, a kai biyu, ka haɗa su da miƙaƙƙen layi. Ka ga zobe ya fito mai faɗin inci 5. Shi ne gadon matashi. A falle na biyu ka zana a inci 22 da rabi. Wannan zobe siriri ne, inci 1 da rabi, shi ne leɓe.

Don ka sami wurin shigar da zarto, huda ɗan rami a kan layin, gwargwadon bakin zarto kawai. Yi yanka a hankali, ka sa abin da zai tallafi katako ta ƙasa, gama siririn zoben nan yana karyewa in ya rataya. In ka gama kana da guntu huɗu: zobe mai faɗi, zobe siriri, babban allo wanda ya fito daga cikin siririn zobe, da ƙaramin allo wanda ya fito daga cikin mai faɗi. Babu wanda za a yar.

Shafa gam a siririn zobe, ka manna shi a ƙarƙashin mai faɗi, baki da baki, Gabas da Gabas, ka ɗaure da sukuru. Yanzu dubi abin da ka yi. Murfi ne mai leɓe, kamar murfin kwano. Babban allo kuwa shi ne kwanon. Kifa murfin a kansa, zai zauna daram, gama daga cikin leɓen nan aka yanko allon. Ɗan ramin da zarto ya ci shi ne wurin da ƙyalle zai cika. Kada ka ce za ka toshe shi.

Ka ɗan goge bakin zobe mai faɗi, ciki da waje, kada kaifinsa ya yanke soso daga baya.

Abin da ba a yi bayan an rufe

Tun murfi na zaune a kan babban allo, huda rami 8 masu ratsa su biyun, wajen inci 3 daga baki, biyu-biyu a dogayen gefe, biyu-biyu a kawuna. Amurkawa suna da wani noti mai haƙora, wanda a ke bugawa da guduma ya nutse cikin katako ya zauna. Buga shi a ko wane rami ta saman zobe. Nan gaba ƙusa za ta taso ta ƙarƙashin tebur ta kama shi, matashi ya ɗauru. In ba ka sami mai haƙora ba, faɗaɗa bakin ramin gwargwadon notin da ka ke da shi, ka nutsa shi ciki da gam mai ƙarfi.

Gwada ƙusoshin takwas ɗin nan yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Ka tabbata ko wacce tana shiga ba tilas, kuma kanta bai ɗaro saman katako ba, don kada ya soki soso. In ka manta noti ɗaya, ko ɗaya ya karkace, ba za ka sani ba sai ranar haɗawa, lokacin da ya ke binne a ƙarƙashin soso da leda da ƙusa ɗari da wani abu. Ba kuwa a huda katako bayan an shimfiɗa ƙyalle. Bakin abin huda ya kama zare ɗaya, kafin ka ƙifta ido ya naɗe shi, ya ja tsaga har tsakiyar tebur.

Me ya sa ba a buga matashi da ƙusa kawai a huta? Domin ƙyalle ya kan riga komai tsufa. Mai noti ya kwance guda 8, ya ɗaga matashi, ya sake ƙyalle a yini ɗaya. Wanda ya buga ƙusa sai ya farfasa aikinsa.

Ƙaramin allo kuwa ƙarƙashin babba zai koma, a tsakiya, don ya ƙarfafa shi ya kuma riƙe ƙafafu. Manna shi da gam, ka ɗaure da sukuru ta ƙasa. Kauri biyun inci 1 da rabi ne, shi ya sa muka ce sukuru ya zama inci 1 da rubu'i. Wanda ya fi haka zai ɓullo sama ya jira yatsan wani.

Shimfiɗar tsakiya

Wannan ba wuya. Share allo sarai, gama ƙwayar yashi ɗaya tana nunawa ta ƙyalle. Shafa gam, shimfiɗa siririn soso daga tsakiya zuwa baki kada iska ta maƙale, ka yanke abin da ya rage. Ka yi aikin gam a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta. Goge ƙyalle da dutsen guga mara zafi ƙwarai, ka shimfiɗa shi, ka ja shi ka buga ƙusa a ƙarƙashin allo. Fara daga tsakiyar dogon gefe, ka koma kishiyarsa, sa'an nan kawuna. In ƙyallen na da zane, duba kada ja ya karkatar da shi. Inda ramin ƙusa ya ke, laluba da yatsa ka ɗan tsaga da tsinin wuƙa.

Matashi

A nan a ke gane kafinta. Manna soso mai kauri a saman zobe, ka bar rara wadda za ta sauko ta rufe gefen waje duka, da kuma wajen inci 1 ta ciki. Shanya leda a rana na ɗan lokaci har ta yi laushi, gama leda mai ɗumi tana miƙewa, mai sanyi kuwa taurin kai gare ta. Shimfiɗa ta a kan tabarma mai tsabta, fuskarta ƙasa, ka kifa zoben a kanta, soso na taɓa ta. Kada ka yanke tsakiyarta tukuna.

Kira mutum ɗaya ya taimake ka, ɗaya na ja, ɗaya na bugu. Ta waje za ku fara. Ja leda a tsakiyar dogon gefe, buga ƙusa uku a ƙarƙashin leɓe. Koma ɗaya gefen ka yi haka. Sa'an nan tsakiyar kan Gabas, da tsakiyar kan Yamma. Daga nan ka riƙa raba ko wane fili biyu: ƙusa a tsakiya, sa'an nan a tsakiyar ko wane rabi, haka har fili ya ƙare. Wanda ya fara daga wuri ɗaya ya bi da bi, yana tura rarar leda gabansa ne kamar mai kora awaki, kuma a ƙarshe za ta taru wuri ɗaya ta zama tattara wadda ba ta ɓoyuwa. In ka ga tattara ta fito, cire ƙusa biyar ko shida ka sake ja. Hannu zai yi ciwo. Haka aikin ya ke.

Bayan waje ya ɗauru sai ciki. Tsaga leda a tsakiya bisa tsawo, amma ka tsaya kafin ka kai inda zagaye ya fara. Daga nan ka yi 'yan tsage-tsage zuwa wajen lanƙwasa, kamar yadda a ke yanka kankana, don ledar ta sami hanyar juyawa ciki. Ga haɗarin: ko wace tsaga ta tsaya wajen inci 3 kafin ta kai katako. Ja ka gani. In ba ta isa ba, ƙara rabin inci. Tsagar da ta gajarta ana ƙara mata. Wadda ta zarce kuwa za ta fito fili a gaban mai wasa, ba ɗinki ba faci, sai sabuwar leda yadi 3. Ja ko wane harshe ciki, buga shi a ƙarƙashin zobe, ka aske rarar sarai don matashi ya zauna daidai a kan ƙyalle.

Ƙafafu

Tsayin tebur daga ƙasa inci 30 ne, kamar teburin cin abinci. Amurkawa da yawa su kan sa ƙafafun ƙarfe masu naɗewa, don in an gama a jingina shi da bango. Ko wace iri ka sa, ka shigar da ita ciki wajen ƙafa 1 da rabi daga kai, don na zaune a kai ya sami wurin gwiwa. Falle ɗaya na filawud ya kan kai kusan kilo 30, ga kuma mutum goma suna dogara hannu. Saboda haka ka ɗaura dogayen katako biyu a ƙarƙashi bisa tsawo, kada ciki ya sauka. A ƙasarmu kuma sai ka shafa wa ƙarƙashin maganin gara da fenti, ka kuma raba shi da danshin damina, gama filawud in ya sha ruwa falle-fallensa su kan rabu.

Yanzu kifa matashi, Gabas da Gabas, danna shi ya shiga, ka ɗaure noti. Tsaya a kai ɗaya ka tura karta. In ta sulale ta tsaya a jikin matashin can ba ta shige ƙarƙashinsa ba, aiki ya yi. In ta shige, noti bai ɗauru ba, ko kuwa rarar leda ta tokare.

In ɗakinka ƙarami ne

Ba kowa ke da wurin tebur mai ƙafa 8 ba. Akwai mai kusurwa takwas. Yanka filawud ƙafa 4 ko ta ina, ka auna inci 14 daga ko wace kusurwa ta gefe biyu, ka haɗa da layi, ka yanke. Za ka sami gefe takwas, ko wanne kusan inci 20. Falle ɗaya in an raba shi biyu ya ishe ka, sauran aiki kuwa duk ɗaya ne, sai dai leda tana son haƙuri a ko wace kusurwa.

Waɗansu su kan bar zoben katako mai sheƙi tsakanin ƙyalle da matashi, su huda masa wurin ajiye kofi. Yana da kyau a ido, amma mu ba mu ga amfaninsa ba. Yana rage fili, ƙwandaloli suna ƙara a kansa, karta kuma ta koma mannewa kamar da.

Abin da ya fi shi amfani shi ne murfi. Harry Truman, wanda ya shugabanci Amurka daga 1945 zuwa 1953, mai son foka ne ƙwarai. A 1949 kafintocin da ke aiki a sansanin sojan ruwa na Key West, a jihar Fulorida, suka yi masa tebur da hannu, da katako dangin maɗaci. Wurin zuba tokar taba da kwanson harsashin igwa suka yi shi. Suka kuma yi masa murfin katako, in an kifa sai ya zama tebur kamar kowane tebur. Yana nan a gidan da Truman ke sauka, wanda ya zama gidan tarihi, mutane na zuwa kallo.

Kai ma ka yi wa naka. Siririn filawud ya isa, ka yanka shi biyu don mutum ɗaya ya iya ɗagawa. Manna masa ragowar ƙyalle ta ciki kada ya goge leda. Ka kuma sa masa 'yan guntayen katako masu tsayin matashi waɗanda za su dogara a kan allo, don nauyin kwanuka da littattafai ya sauka a kansu, ba a kan soso ba.